Me ke karya kuɗin gidan gado a Gusau?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu harkar gidaje da malamanmu na wannan zaure. A layinmu an sayar da gidaje biyu bana, faɗinsu kusan ɗaya, duka suna bakin hanyar da mota ke shiga. Na farko mai shi yana da rai, ya ce miliyan 24, aka yi ta tayi yana cewa albarka har wanda zai biya ya zo. Na biyu gidan gado ne, ba mu gama jin an sa shi kasuwa ba sai muka ji an sallama a miliyan 16. Kuma ba yau na fara ganin haka ba a garin nan. Cutar magada ake yi, ko da dalili?

Maman Khairat:
Wa alaikumus salam. Wane dalili kuma? Dillalai ne. Tun ana zaman makoki za ka ga sun zo gaisuwa, baki na cewa Allah ya jiƙan rai, ido na auna katanga.

Abban Sadiq:
Hajiya kin taɓo su, yanzu za su fito.

Dillalin Gada Biyu:
Ga ni na fito. Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ban ce babu ɓata-gari a cikinmu ba, amma bari in faɗa miki yadda cinikin ke tafiya.

Mai gida mai rai bakinsa ɗaya ne. In na kawo masa mai saye ya ce albarka, shi ke nan, sai mu jira wani. In ya ce na sallama, gobe a rubuta takarda. Gidan gado kuwa baki goma ne, wani lokaci ashirin. Babban wa zai ce mini kada in saurari ƙasa da 22. Da daddare ƙaninsa ya kira ni a ɓoye ya ce in an sami 18 a karɓa, shi zai shawo kan sauran, don an sa ranar aurensa bai haɗa lefe ba. Washegari mijin ɗaya daga cikin 'yan matan ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya yaushe za a ba matarsa nata. Kuma wannan labari ba ya tsayawa a kunnena, mai saye ma yana da mutanensa a unguwa. Da ya ji akwai wanda ya ƙagu, ko sisi ba zai ƙara ba, sai ma ya daina ɗaga waya kwana biyu ya bar su su ci junansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni a tsage nake samun bangon.

Maman Khairat:
Amma kai ke nuna wa ƙadangaren inda tsagar take.

Dillalin Gada Biyu:
Haba Hajiya. La'adata kashi 5 ce cikin 100. In gida ya yi 24 na fi samu a kan in ya yi 16. Don me zan karya wa kaina?

Akawu:
Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Mu buga lissafi. Kashi 5 na miliyan 24 shi ne miliyan 1 da dubu 200. Na miliyan 16 kuma dubu 800. Bambancin dubu 400 ne, kuma ka san ba kai kaɗai ke ci ba, ciniki ɗaya sai ka ga dillalai huɗu ko biyar sun rataya a kai. In aka raba, abin da kowannenku ya rasa bai wuce dubu 100 ba. Wa zai yi wata shida yana yawo da masu saye cikin rana saboda dubu 100, ga ciniki a hannu yau? Ba sai kun yi ha'inci ba ma, ribarku a cikin sauri take.

Ɗan Tudun Wada, magadan su nawa ne?

Ɗan Tudun Wada:
Mata biyu ya bari, 'ya'ya maza biyar, mata huɗu. Iyayensa sun riga shi.

Akawu:
Yawwa. To ga abin da nake ganin shi ne asalin matsalar, in na kuskure Malam zai gyara mini. A miliyan 16, tumunin matan, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 2 ne, kowacce miliyan 1. Saura 14. Maza biyar kaso goma, mata huɗu kaso huɗu, kaso 14 ke nan, kowane kaso miliyan 1. Namiji ya tashi da 2, mace da 1. Da a 24 aka sayar, kowace matar aure za ta sami miliyan 1 da rabi, kowace 'ya haka, kowane ɗa miliyan 3.

Ka ga ni da kai muna kallon asarar miliyan 8, muna salati. Amma a cikin gidan babu wanda ya ji asarar miliyan 8 a jikinsa. 'Yar da ke aure a Talata Mafara dubu 500 ta rasa, kuma don ta same su sai ta ja da yayyenta wata da watanni, a ce ta cika son abin duniya. Mai gida mai rai kuwa duk takwas ɗin daga aljihunsa za su fita, shi ya sa yake iya zama ya jira.

Abban Sadiq:
Kai, wannan lissafi ya shige ni.

Malam na Kanwuri:
Lissafinka daidai ne Akawu, in dai an riga an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Rabon yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Na ambaci bashi da gangan, don shi ma yana karya gida. Mamaci ya tafi da bashin 'yan kasuwa, masu bashi suna sintiri, iyali kuma ba sa son a bar shi da nauyi a kabari, sai a sayar wa wanda ya fara zuwa da kuɗi a hannu.

Abin da nake so mutane su gane shi ne, shari'a ba ta ce da an mutu a sa gida kasuwa ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk almajirin ƙasar nan ya sani, hukuncin a fili yake: abin da zai rabu ba tare da cutarwa ba, a raba shi. Wanda ba zai rabu ba sai da cutarwa, in ɗaya ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Gidajenmu na cikin gari kuwa yawanci na biyun ne. Ɗaki shida, rijiya ɗaya, ƙofa ɗaya, mutum goma sha ɗaya. Don haka mutum ɗaya tak ya isa ya ja kowa zuwa kasuwa, ko da sauran goman ba su shirya ba.

Ɗan Samaru:
Allah gafarta Malam, ai ku ne kullum a kan mumbari kuke cewa a gaggauta rabon gado. To ga gaggawar, ga abin da ta haifa.

Malam na Kanwuri:
Abin da muke cewa a gaggauta shi ne kowa ya san haƙƙinsa, a rubuta, a sa shaidu. Kai kana da kaso biyu cikin goma sha huɗu, ke kina da ɗaya. Daga nan in sun ga dama su jira farashi, ko su sa haya su riƙa raba kuɗin a kan wannan lissafi, ko ɗaya ya saye na sauran. Ba mu ce a karyar ba. Kuma jinkirin da kake ganin kamar shi ne mafita, shi ya fi kashe gida. An kawo mini rabon wani gida da aka bari tun mutuwar kaka. 'Ya'yansa uku sun mutu a bayansa, kowanne ya bar mata da 'ya'ya, sai da muka yi gado a cikin gado. Takarda ta cika da suna, wani kasonsa bai kai kuɗin motar da ya biya daga Legas ba. Wa zai tsaya jayayya kan farashi a irin wannan? Kowa so yake a ba shi ya kama gabansa.

Akwai kuma lokacin da dole a dakata. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma a ɗakinta, ba a tashinta. In tana da ciki, a mazhabarmu ta Malikiyya ana tsayar da rabo har ta haihu.

Barista:
Malam ya kawo ɓangaren shari'a, bari in kawo na takarda, don a nan masu kuɗi ke zaftare nasu.

Wanda zai fitar da miliyoyi tambayarsa ta farko ita ce, wa zai sa mini hannu? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 24 ya ƙara da cewa ba a tsaga irin wannan mallaka kashi biyu ko fiye saboda mutuwar mai ita sai da amincewar gwamna. To takardar tana ɗauke da sunan mamaci, shi kuma ba zai tashi ya sa hannu ba. Sai an bi ta kotu an sami takardar rabon gado, sannan a je ZAGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Zamfara, a bi layin sauya suna. Wannan ma gidan da ke da takarda ke nan. Yawancin tsofaffin gidajen Mayana da Galadima ba su da komai sai shaidar mai unguwa da ta maƙwabta, wasu kuma wata 'yar takardar ciniki da ajami wadda gara ta ci rabinta. Banki ba ya karɓar wannan jingina, ma'aikacin da zai ci bashi ya sayi gida ya fita daga layi ke nan. Masu saye sun ragu, sauran 'yan kasuwa masu kuɗi a hannu, su kuma ba su san tausayi a ciniki ba.

Sai abin da ya fi ba su tsoro. An gama ciniki, mutum ya rushe ya fara gini, sai ga saurayi daga Funtuwa da sammaci, ɗan matar da mamaci ya saka shekaru da yawa, ba a sa shi a rabo ba. Ko wani ɗa ya ce shagon da ke jikin zaure Baba ya ba shi kyauta tun yana raye. Shari'a ta tashi daga ƙaramar kotu zuwa babba, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulki ya ba hurumin gado da kyauta da wasiyya. Duk tsawon wannan lokaci kuɗinsa na kwance, gini a tsaye. Wanda ya taɓa gani, in zai sayi gidan gado sai ya cire kuɗin wannan fargaba tun a tayi.

Malam na Kanwuri:
Maganar kyautar nan tana yawan zuwa. Kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In Baba ya ce na ba ka, amma shi ke karɓar kuɗin hayar shagon har ya rasu, shago ya koma gado.

Dillalin Gada Biyu:
Barista ka gama magana. Kuma akwai abin da ba ya cikin dokarku: Allah ya isa. Na taɓa kai wani Alhaji ganin gida, muna tsakar gida wata tsohuwa ta ɗaga labule, ba ta gaishe mu ba, ta ce duk wanda ya raba ta da ɗakin mijinta ba ta yafe ba. Alhaji ya sa takalmi ya fita, ko zaure bai tsaya ba. Wanda ya saye daga baya ya san da maganar, kuma da ita ya karya farashin.

Magini:
Ku yi haƙuri in ɓata muku lissafi. Sau da yawa gidan bai faɗi ƙasa da kuɗinsa ba, magada ne ke yi masa kuɗin da bai kai ba. Suna kallon gidan da aka haife su, mai saye yana kallon fili da tarkace a kai.

Ni ake kira in duba kafin a biya. In na shiga ba fenti nake kallo ba. Gindin katanga nake taɓawa, in ga inda gishiri ya ci bulo har yana zuba a hannu. In hau sama in ga kwano ya yi tsatsa a bakin ƙusa, katako gara ta cinye cikinsa ta bar fata. Masai ya cika, kwata ta toshe, ga tarin bashin wuta tun na marigayi. Tsoho in ya kwanta ciwo shekara biyu uku, kuɗin gyara asibiti suke tafiya, bayan rasuwa kuma babu mai sa ko buhu ɗaya a abin da ba nasa shi kaɗai ba. Sannan tsarin ginin kansa: zaure, ɗakuna a jere, bayi ɗaya can ƙurya. Mai kuɗin yanzu yana son kowane ɗaki da bayinsa da inda zai shigar da mota, rushewa zai yi. Rushewa kuɗi ce, kwashe ƙasa kuɗi ne, in lungu ne da tifa ba ta shiga sai a baro, ya ninka. Buhun siminti da muke saye ƙasa da dubu 5 a farkon 2023 ya haura dubu 10 a farkon 2024. Duk wannan a jikin farashi yake fita.

Ɗan Tudun Wada:
Wannan ɗin na bulo ne, ba ginin ƙasa ba. Rufin dai yana yoyo, wannan gaskiya ne. Amma yoyon rufi bai kai miliyan 8 ba.

Magini:
Bai kai ba. Ka ba rufi da sauran gyara miliyan uku, biyar ɗin ku nemi inda suka shiga.

Goggon Yara:
Ni zan faɗa muku inda irin biyar ɗin nan ke shiga, don a kaina aka yi. Kuna ta zagin dillali da baƙon mai saye, alhali wani lokaci mai sayen yana zaune a kan tabarmar rabon.

Da mahaifinmu ya rasu, yayanmu ya kira dattawa uku su yi wa gida kuɗi. Abokan zaman majalisarsa ne duka. Mu mata muna ɗaki, ta taga muke jin su. Suka zagaya, ɗaya ya bubbuga bango da sanda, suka koma zaure suka sha fura, aka aiko yaro ya ce an yi wa gida kuɗi kaza. Babu wanda ya tambaye mu ko mun yarda. Yaya ya ce shi zai saya don kada gidan Baba ya fita hannu, kowa ya ce Allah ya yi albarka, ɗa na gari. Kuɗin ma bai ba mu a dunƙule ba. Yau dubu 50, bayan wata uku dubu 30, in na yi magana ya ce ai ba gudu zai yi ba. Nawa a cefane da kuɗin makaranta suka narke, ban ga abin da na riƙe ba. Bai cika shekara biyu ba ya fasa gaban gidan ya fitar da shaguna huɗu.

Da na ce zan kai ƙara, innarmu ta kama hannuna tana kuka, ta ce in na kai ɗan'uwana gaban alƙali kada in zo kan gawarta. Na bari.

Maman Khairat:
Innalillahi. Goggo, wallahi ba ke kaɗai ba ce. Kunya ce ke cin gadon mata a ƙasar nan.

Ɗan Samaru:
Amma a yi adalci. Babban wa shi ke riƙe da gida, shi ya yi jinyar tsoho, shi ke ciyar da uwa da ƙanne, in 'yar'uwa ta yi yaji gidansa za ta dawo. In an sassauta masa farashi ai ba zalunci ba ne.

Goggon Yara:
To ya roƙa mana. Da ya ce Goggo ki rage mini, wallahi da na rage. Amma ya aiko yaro?

Malam na Kanwuri:
Goggo ta fi ka hujja, ɗana. Sassauci kyauta ce, mai haƙƙi ke yin ta da bakinsa bayan ya san ainihin kuɗin abinsa. In an ɓoye masa farashi, ba kyauta ya yi ba. In kuma akwai marayu ƙanana a cikin magada, babu mai ikon yin sassauci da kasonsu, ko uwarsu ce. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Abin da ya kashe a jinya, in da niyyar a biya shi ya yi, ya kawo shaida a fitar masa a matsayin bashi, a fili.

Hanyar da babu zargi ita ce a sa gidan a kasuwa da gaske, a ga inda tayi ya tsaya. Magajin da ke so sai ya ɗauka a wannan farashi, ya fi bare cancanta. Haka in ɗaya ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba, sauran suna da shuf'a, su biya baren abin da ya biya su karɓe. Hadisin Jabir ne a Bukhari, cewa Annabi (SAW) ya hukunta shuf'a a duk abin da ba a raba ba. Amma wanda yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, ta faɗi.

Barista:
Shuf'ar nan ma tana cikin abin da ke sa kason gado ba ya daraja. Wa zai sayi ɗaki biyu a gidan da ba a raba ba da tsada, ya san gobe za a iya mayar masa da kuɗinsa a ce ya fita?

Ɗan Zurmi:
Ku mutanen Gusau kuna cikin ni'ima, har kuna da gidan da ake tayawa. Mu namu yana can a kulle. Ɗaki tara, da rumbuna, da turken shanu. Wa zai saya? Wanda ke da kuɗi a ƙauyukanmu shi ne na farkon gudu. Duk mun taru a nan muna biyan hayar ɗaki ɗaya da kuɗin da a da zai kama gida sukutum.

Kuma akwai gidajen da kuke gani an karyar a cikin gari, ba lefe ba ne, ba bashi ba. An ɗauki mutum, an ba da kwanaki a kawo kuɗin fansa. Abin da dangi suka mallaka a dunƙule shi ne gidan gado. A irin wannan ranar ba a cewa albarka. Masu saye kuma sun sani, labarin ɗauka ba ya ɓuya.

Dillalin Gada Biyu:
Wannan ciniki ne da ni kaina ba na son a kira ni. Kuma ko a Gusau ba ko'ina ɗaya ba. Bayan ɗaukar ɗaliban jami'ar tarayya a Sabon Gida a watan Satumba na 2023, duk gidan da ke bakin gari sai da masu saye suka ja baya. In ka ce Damba ko Mareri, kafin a tambayi faɗi sai an tambayi ko ana kwana lafiya.

Ɗan Zurmi:
Malam, ƙaninmu tun da aka tafi da shi ba mu ji rai ba, ba mu ji mutuwa ba. Ya kasonsa?

Malam na Kanwuri:
Allah ya bayyana shi. Ba a raba kasonsa, ba a kuma ɗauke shi matacce da ra'ayin dangi. Ajiye masa ake yi, alƙali ne ke hukunci. Ku je kotu kafin ku taɓa komai, ko don wanda zai saya ya sami natsuwa.

Baba na Kaura:
Ku yara kuna ta lissahi. Mu gidan tsohonmu nan Kaura, kusa ga tasha, tun lokacin da jirgi ka zuwa ɗaukar gyaɗa anka gina shi. Da yar rasu munka ce ba mu saidawa, abin kunya na. Munka zuba 'yan haya. To mi anka samu? Mai amsar kuɗin haya shina ci shi kaɗai, in damina ta zo kowa shina jiran wani ya gyara. Ɗaki guda ya faɗi, na biyu ya bi shi. Yanzu awakin unguwa ka kwana ciki. Wanda yat taya shi shekarun baya, da mun ba shi da ɗiyanmu sun amfana. Don haka ku bar ganin wautar wanda yas saida da wuri.

Akawu:
Baba, ranka ya daɗe, ginin ya faɗi amma filin bai faɗi ba. Ni waɗanda nake tausayi su ne suka sayar a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, suka ajiye a banki suna shawara. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda kasonsa zai sayi fuloti ya wayi gari ko rabi ba zai saya ba. In za a sayar, kowa ya san inda zai sa nasa tun kafin kuɗi su shigo.

Baba na Kaura:
Hilin ma yanzu mu talatin da wani abu muka da shi. Kai zo ka raba muna.

Abban Sadiq:
Baba ya kashe bakin Akawu.

Dillalin Gada Biyu:
Tunda an sa mu a gaba, bari in ba da sirrin sana'a kyauta. Gidan gadon da na ga ya yi kuɗinsa, magadan sun zauna tun kafin su kira mu, maza da mata, suka wakilta mutum ɗaya a rubuce, suka yanke abin da ba za su sauka ƙasa da shi ba. Ƙaninsu da ke cikin matsi, yayyen suka haɗa masa wani abu ya rage zafi, a cire a kasonsa. Suka ba dillalai uku da ba sa shiri da juna. Duk wanda na kira a cikinsu sai ya ce in je wurin wakili. Na rasa ta inda zan shiga.

Maman Khairat:
Ka ji ko? Ya rasa ta inda zai shiga. Da bakinsa ya faɗa.

Dillalin Gada Biyu:
Hajiya ke dai ba a iya miki.

Ummu Hanan:
Don Allah Malam da Barista, tun ɗazu nake karantawa. Namu an sayar wata biyar da suka wuce, ina Kaduna wurin aure, a waya aka gaya mini bayan an gama. Ban sa hannu ba, ban wakilta kowa ba, kuɗin da aka turo mini suna nan ban taɓa ba. Ina da magana?

Malam na Kanwuri:
Kina da ita, 'yata. Wanda ya sayar da kason da ba nasa ba, cinikin yana rataye ne a kan yardar mai shi, sai fa in kotu ce ta yi umarnin sayarwa. Amma kada ki ƙara jinkiri, dogon shiru bayan an sani yana raunana ƙara. Kuma ki ci gaba da barin kuɗin nan yadda suke.

Barista:
Ki nemi kwafin takardar cinikin ki ga wa ya sa hannu a gurbinki, da saƙon banki na ranar da kuɗin suka shigo.

Ummu Hanan:
Takardar tana wurin yayanmu, na tambaya ya ce me zan yi da ita.

Barista:
Mai saye yana da tasa, mai unguwa ma in da shi aka yi ya san shaidu. In duk sun hana, kotu za ta sa a fito da ita. Amma ki fara samun kawunku ko wani babba da yayan naku ke jin nauyinsa, a zauna. In ya ƙi zama, ki yi mini magana ta gefe in gaya miki kotun da ke da hurumin unguwarku.